Ƙullin Saman Ƙofa

Dogon Dutsi,
ƙarshen damina.

Zuwa ga yayana Ibrahim, a Abijan.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa ta girmamawa da ta zumunci, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Mardiyya da yara, da duk Arawan da kuke zaman neman abinci tare a can. Allah Ya buɗa maka kasuwa, Ya tsare ka daga sharrin baƙunta, Ya yaye maka ciwon ƙugun nan da ka ce yana tashi idan ka daɗe a tsaye. Mu nan sai godiya. Damina ta yi mana kirki bana, geron gonarmu ta hanyar Matankari ya fid da kai mai kyau, tsuntsaye ne kawai suka sa mu gaba. Wake ya ɗan sha tsutsa, amma ba abin kuka ba ne. Inna tana nan da ƙarfinta, gwiwa ce dai ta hana ta yawon barka da gaisuwar da ta saba, sai ta zauna a gindin dogon yaro tana ba kowa umarni. Matata Hawwa'u ta rabu da haƙorin da ya hana mu sakat, an cire mata shi a Doso. Yara kuma an fara yi musu ɗinkin komawa lakwal, makarantar boko, kowa sai kumbura fuska yake.

Yaya, saƙon muryarka ya iso, na kuma saurare shi har ƙarshe. Ka ce in ɗauki Shamsiyya in mayar da ita Tibiri ɗakin mijinta, ta durƙusa ta ba surukarta haƙuri, a binne maganar. To ban kai ta ba, kuma ba zan ɓoye maka ba, raina a ɓace yake, har da kai a ciki. Na ƙi kiranka a waya don na san halinmu. Kai za ka katse ni tun ban kai tsakiya ba, ni kuma muryata za ta hau, in zo in yi wa yayana tsawa, abin da ban taɓa yi ba. Saƙon murya kuwa ba shi da amana, yau yana wayarka, gobe yana wayar mai shayi. Shi ya sa na zauna na rubuta, zan ba Musbahu direba ya sa maka a hannu. Kai ka haifi Shamsiyya, ban yi maka gardama ba, amma a gidana ta tashi tun tana rarrafe, ni na kai ta lakwal, ni na karɓi masu neman aurenta a madadinka. Bakin Huzaifa, wan mijinta, shi kaɗai ka ji. Yanzu ka ji nawa, domin da hannuna na naɗe abin da suke kira asiri.

Ka tuna telen nan, akwatin kallo, da ka aiko mata cikin kayan ɗaki. A farkon daminar nan aka yi wani hadari mai tsawa a Tibiri, wutar ta bi wayar farantin da ke kan rufi ta shiga, tele ta ɗauke. 'Yar fitilar gabanta tana kamawa, amma ba hoto ba magana. Mijinta Abdulwahid da kansa ya kira ni, ya ce shi zai tafi Birnin Kabi saro kaya, amma Shamsiyya za ta kawo mini ita, da ma tana ƙorafin ta daɗe ba ta ga Inna ba. Haka aka yi. Ta iso ranar kasuwa da tele naɗe cikin bargo, ta rungumo ta a cinya tun daga Tibiri, ta hana a ɗora ta a saman mota. Tana shigowa shago ta ce in ban tashe ta ba, kada in ƙara kiran kaina mai gyara. Ka dai san bakin ɗiyarka, ko ka manta?

Da na buɗe bayan telen na bi allon ciki da mita, sai na tarar tsawar ta kashe wani ɗan baƙin abu da mu masu gyara muke ce wa aisi. Ba irin kayan da ka sani ba ne lokacin da kake zama shagona ina gyaran rediyon kaset, waɗanda za ka kama da yatsa ka tumɓuke. Wannan bai fi faɗin farcen babban yatsa ba, a shimfiɗe yake a kan allo, da ƙafafun ƙarfe jere a gefensa huɗu, sun haura ɗari, tsakanin wannan da wannan da ƙyar silin gashi zai ratsa. Kowace ƙafa an liƙe ta da dalma a nata gurbin. Idan zan cire shi sai na kashe fanka na rufe taga, don iskar waje tana sanyaya gefe ɗaya ta ɓata aiki. In shafa man liƙi, in ɗauko na'urar busa iska mai zafi in riƙa zagaya shi a hankali, ina jira dalma ta narke ta yi ƙyalli a kowane gefe lokaci guda, sannan in ɗaga shi da hantsaki. Wanda ya yi gaggawa ya ɗaga kafin ta gama narkewa, zai ɓamɓaro zanen tagullar da ke jikin allon, telen kuma ta mutu ke nan har abada.

Ɗora sabon ya fi cirewa wuya. Na samo shi daga wata tele irinta mai fasasshen gilashi, wadda na saya na ajiye don irin wannan rana. Na share gurbin tas da zaren tagulla, na zaunar da shi ƙarƙashin gilashin ƙara girma, ina turawa da bakin allura har kowace ƙafa ta hau gurbinta, numfashi ma sai da na riƙe. Na kafe kusurwa biyu, sannan na ja ɗigon dalma da bakin ƙarfen liƙi a kan ƙafafun, gefe bayan gefe. Daga nan sai bin su ɗaya-ɗaya da ido, don in biyu kacal suka manne da juna, ana sa wuta aikin zai ƙone. Na ɗaure goshi da tsumma kada gumi ya ɗiga a allo. Ita kuwa ɗiyarka tana kan benci tana ɓarar gyaɗa, tana cewa ai zanen lallen da take yi wa amare ya fi wannan sirantaka, kuma ita ba ta riƙe numfashi. Da na sa wuta hoto ya fito, ta rangaɗa guɗa har maƙwabcina tela ya leƙo. Ina gaya maka wannan duka ne don ka san halin da yarinyar nan ta bar shagona, tana dariya ta fita.

Ina da ƙa'ida a aikina wadda ba ta sauya ba tun ranar da na buɗe shago: duk abin da na cire, mai kaya nake mayar wa. Ka san abin da ake faɗa a kanmu, wai mai gyara yana zare mai kyau ya sa mara kyau. Don haka ko ƙusa na sauya, sai na ba mutum tsohuwar a hannu. Da, kayan manya ne, sai ka jefa a aljihu ka wuce. Na yanzu in ya faɗi ƙasa sai an yi shara ake ganinsa, ga ƙafafun suna huda yatsa. Saboda haka na naɗe mataccen aisin a 'yar takarda, na zagaye da baƙin salatif irin na masu aikin wuta, kamar yadda nake yi wa kowa, Alhaji ne ko Bafillacen da ya kawo rediyo daga Sukukutane. Na ba ta, na ce ta miƙa wa mijinta, ta kuma nisanta shi daga yara, don akwai dalma a jiki, ba abin sawa a baki ba ne. Kafin in naɗe ma sai da na ɗauki hotonsa a tafin hannuna na tura wa Abdulwahid a waya, na ce ga ɓarawon da ya hana su kallo. Ya amsa da godiya, har da dariya.

Ta koma Tibiri mijin bai dawo ba. Gidan kuwa babban gida ne, ka sani, 'ya'yan Huzaifa ƙanana suna shiga ɗakinta suna fita, ba abin da suke bari, har kwallinta sun taɓa lashewa. Ta duba inda hannunsu ba zai kai ba, sai ta taka kujera ta cusa ƙullin a saman ƙofar ɗakinsu, tsakanin katako da bango. Maganata ta bi, ba ta yi komai ba sai abin da na ce. Daga nan ta manta da shi. Abdulwahid ya dawo daga tafiya da zazzaɓin damina, irin wanda ke kwantar da rabin gari kowace shekara, ya kwanta yana rawar ɗari. Ana cikin jinyar ne uwarsa Hajiya Sahura ta zo duba shi da hantsi, ta ga gidan zanzaro a saman ƙofa, ta sa kara za ta kakkaɓe, sai baƙin ƙulli ya faɗo a gabanta.

Abin da ya biyo baya Shamsiyya ce ta gaya mini, matan maƙwabta kuma sun tabbatar. Hajiya ta sa salati, aka kira Huzaifa daga shago, shi kuma ya taho da abokansa na masallaci, nan da nan tsakar gida ta cika. Ba wanda ya taɓa ƙullin da hannu. Da tsinke Huzaifa ya warware shi yana karatu, aka ga baƙin abu mai ƙafafu da ɗan rubutu a bayansa, ga ƙamshin man liƙi mai kama da turaren ƙaro. Shamsiyya ta ce kayan tele ne, Baba Faruku ya ba ta, a kira shi yanzu a tambaye shi. Aka ce da ma me za ta ce, kuma ƙanin ubanta ai dole ya rufa mata. Hajiya ta ce tun kafin aure an gargaɗe ta da jikar Lugu, ita ce ba ta ji ba. Aka jefa shi a garwashi. Takarda da salatif suka cinye, shi kuwa ya ƙi zama toka, don an yi shi ne ya jure zafi, ni da nake gasa shi da iskar da ke narka dalma na sani. Wannan ƙin ƙonewar ita ce babbar hujjarsu. Suka daka shi da dutse suka zuba a masai. Washegari zazzaɓi ya sauka, hujja ta biyu ke nan, ba wanda ya tuna alluran da ake ta yi wa Abdulwahid a gidan likita. Kafin la'asar an sa ɗiyarka a mota da jaka ɗaya, wai ta je gida tukuna.

Yaya, wannan kalma ta jikar Lugu ita ce ta tsaya mini a rai. Wace ce Lugun? Inna ce, mai suna Baturiya, wadda ta haife ka ta haife ni. E, a garin Lugu aka haife ta, danginta na can har gobe suna riƙe da al'adunsu na iskoki, ba mu taɓa ɓoyewa ba, kuma mutanen Tibiri sun sani tun ranar da suka kawo goro. Amma matar nan ta fara sallah tun Hajiya Sahura tana goye, kuma da gwiwar da ba ta lanƙwasuwa take tashi asuba. Ni kaina ba ruwana da bori, ba ruwana da laya. Masallacin da nake sallah irin na su Huzaifa ne, wa'azin da yake ji shi nake ji. Malaman da suka hana mu rataya laya su ne suka hana mu yi wa mutum ƙazafi ba hujja, a zama ɗaya suke faɗar duka biyun. Ya aka yi ya riƙe rabin farko, ya baro na biyun a masallaci? Da a ƙofar wata aka samu ƙullin nan, wadda kakarta 'yar Birnin Kabi ce, wallahi da sai an yi tambaya kafin a hura wuta.

Ban zauna ina cizon yatsa a gida ba. Na ɗauki jakar aikina da wani mataccen aisi irin wancan, na hau mota na tafi Tibiri. Huzaifa ya karɓe ni a zaure, da ruwa da tabarma, ba zan yi masa ƙarya ba. Na ajiye abin a gabansa, na ce ga ɗan'uwan wanda suka daka, a fito da telen in buɗe ta a gaban kowa su ga sabon a zaune, da alamar aikina a gefensa. Ko kallon kirki bai yi masa ba. Ya ce telen tuni an fitar da ita daga gidan. Ya ce ko da a ce daga tele abin ya fito, wa ya san abin da aka tofa a kansa kafin a kai shi saman ƙofa, kuma duk faɗin ɗaki me ya sa sai saman ƙofa? Na ce saboda 'ya'yansa ne, kada su haɗiye. Ya yi murmushi ya ce Allah Ya saka. Wai shi bai zargi kowa ba, gidansu kawai yake karewa, kuma ƙofa a buɗe take, ta dawo ta ba Hajiya haƙuri a wuce wurin. Haƙurin me, Yaya? Duk wannan zaman Abdulwahid yana gefe, ya warke sarai, kansa a ƙasa yana tsinkar bakin tabarma. Na tattara kayana na tashi tun bakina bai faɗi abin da ba zai ɗebu ba.

Shi Abdulwahid ne ya yi mini rakiya zuwa tasha, kuma a hanyar ne na ji abin da ya fi duk sauran ƙona mini rai. Na tambaye shi hoton da na tura masa, ko ya goge ne. Ya ce yana nan. Ya ce ranar da abin ya faru yana jin komai daga kan gado, ya lallaɓo bakin ƙofa, kuma kallo ɗaya ya yi wa abin ya gane shi. To me ya hana shi magana? Wai lokacin wansa ya riga ya tara mutane, ya riga ya yi karatu a kai da ƙarfi, Hajiya kuma ta riga ta faɗi abin da ta faɗa. Idan ya fito da waya ya nuna hoto, ya mai da wansa abin dariya a gaban abokansa, ya kunyata uwarsa a gaban maƙwabta, har abada za a riƙa cewa ga malamin da ya yi wa kayan tele ruƙiya. Sai ya ga gara Shamsiyya ta je gida ta ɗan huta, in ƙura ta lafa ya zo ya ɗauke ta shiru. Har yana ce mini ai ita mai haƙuri ce, za ta gane. Ya faɗi wannan ne kamar wanda ya yi wata dabara, yana jira in yaba masa.

Na tsaya a tsakiyar hanya na dube shi. Na ce masa wato ya auna kunyar wansa ta yini ɗaya da sunan matarsa na duk rayuwa, ya ga na matar ne mai araha. Na ce dariyar da za a yi wa Huzaifa a teburin mai shayi za ta ƙare kafin kaka, amma macen da aka ce ta yi wa miji asiri, har jikokinta sai an nuna da baki. Ya fara hawaye, ya ce yana sonta, ko abinci ba ya iya ci. Na yarda yana sonta, wannan ne ma abin takaicin. Na gaya masa sharaɗina, kuma ba mai nauyi ba ne. Ya tsaya a tsakar gidan nan da aka tara mata mutane, a kira waɗanda aka kira ranar, ya fito da wayarsa ya ce kayan tele ne, kuma shi ya sani tun ranar. Ba na neman kowa ya durƙusa, ba na neman a ci mutuncin Hajiya. Ya ce in ba shi lokaci, ta fara dawowa tukuna, sauran a bi a hankali. Na shiga mota ko sallama ban yi masa ba.

Shamsiyya kuwa tana nan ɗakin Hawwa'u, ta rame, bakin nan nata duk ya mutu. Labari ya riga ni isowa Dutsi, don motocin Tibiri ba mutane kaɗai suke ɗaukowa ba. Kwanan baya Hawwa'u ta lallashe ta suka je suna a unguwarmu, ta karɓi jaririn za ta yi masa addu'a, sai wata tsohuwa ta taso ta zare shi daga hannunta, wai za a yi masa wanka. Yarinyar da amaren unguwar nan suke rububin ta yi musu lalle, yau ba wadda ta aiko. Na yi ta jinkirin gaya mata abin da mijinta ya faɗa mini, ina tsoron ya karya ta. Da na gaya mata sai ta ce ai ta sani. Ta ga lokacin da ya leƙo ya dubi abin, ta ga fuskarsa, ta tsaya tana kallonsa tana jira ya buɗe baki har aka kawo garwashi. Ta ce ba ta ƙi ɗakinta ba, ko yau ya faɗi gaskiya a tsakar gidan za ta bi shi, ba sai an raka ta ba. Amma in ta durƙusa ta ba da haƙuri, ta amsa laifin ke nan, kuma daga ranar duk wanda kansa ya yi ciwo a gidan ita za a duba. Ka gaya mini inda ta yi kuskure a wannan magana.

Na san abin da kake tsoro, Yaya. Kana nesa, ka ji ɗiyarka ta fito daga ɗakin miji aure bai yi nisa ba, kana so a rufe kafin a fara ce mata bazawara. Ni ma ba na son auren nan ya mutu, ni na ba da ita. Amma ka ce durƙuson ba zai rage ta da komai ba, ni kuwa na ce zai rage ta da sunanta, kuma ba ta da wani. Sannan akwai abin da ka ƙara a ƙarshen saƙonka, cewa mu rage ambaton Lugu, kuma in mutanen Tibiri sun zo biko kada Inna ta fito zaure. Da na ji wannan sai da kunya ta kama ni a madadinka. A gidan da ta ƙarar da ƙarfinta tana daka da surfe don mu ci, a nan za mu ɓoye ta a ƙurya saboda baƙi? Ban yi niyyar ta ji ba, amma a tsakar gida na buɗe saƙon, ina zaton gaisuwa ce, ita kuma da ta ji muryarka sai ta ce a ƙara ƙarfi. Ta ji duka. Ta dai ce a miƙo mata butarta.

Ka gaishe mini da Mardiyya, ka ce mata Hawwa'u ta gode da atamfa. Ka shafa mini kan Luƙman da Ummulkhairi, Allah Ya raya su. Ka gai da Auwal ɗan Kawu, ka ce masa uwarsa tana cigiyar muryarsa. Hawwa'u da yara suna gaishe ku da kyau. Shamsiyya ma ta ce in gaishe ka, in kuma roƙe ka kada ka yi fushi da ita.

Inna kuwa ba gaisuwa ta ba ni ba, saƙo ta ba ni. Jiya bayan azahar ta kira ni ɗakinta, ta ce ta yi tunani. In dai sunanta ne ya tare wa yarinyar ga hanya, to ka kira mutanen Tibiri ka ce musu ba ita ta haife ka ba, riƙonka kawai ta yi, uwarka wata ce da ta rasu kana jariri. Ta ce waɗanda suka ga haihuwarka duk sun kwanta dama, ba mai ƙaryata ka, in kuma an tambaye ta za ta ce haka ne. Ta ce ta yafe maka ƙaryar, ta yafe maka nono. Ba cikin fushi ta faɗa ba, Yaya, da ma da fushi ne da ya fi mini sauƙi. Har roƙona take in rubuta shi da laushi, kada ranka ya ɓaci. Ga shi na rubuta. Shamsiyya tana gidana, kuma nan za ta zauna har Abdulwahid ya buɗe baki a tsakar gidansu. In har yanzu kana so in kai ta ta durƙusa, to ka fara kiran Inna, ka gaya mata da bakinka cewa ka karɓi abin da ta ba ka. Ni ba zan kai mata wannan amsar ba.

Allah Ya sada mu da alheri. Wassalam.

Ƙaninka,
Faruku